Na Rubuta Babu Rauni

Watana huɗu da fara aikin gandiroba aka kawo Inna. Ina rubuta wannan ne don na kasa faɗa da baki. Sau uku ina zama gaban mahaifiyata a Rawayya da niyyar in gaya mata, sai in ji harshena ya yi nauyi, in ɓige da tambayarta yadda gero ya yi bana.

Ni sakandare na gama, ban wuce nan ba. Da aka buɗe ɗaukar ma'aikata, yayana ne ya cike mini takardu a wani shago a Sabon Gari, Allah kuma ya sa sunana ya fito. Bayan horo aka sa ni sashen mata. Ina zaune a Tudun Wada wurin yayan nawa da matarsa. Kullum da safe in sa kakina, in ɗora dogon hijabi a kai har sai na isa bakin ƙofa, don ba kowa nake so ya san inda nake aiki ba.

A wurin horo an karanta mana dokoki da yawa, wasu na riƙe, wasu sun zube. Amma abin da ya shafi karɓar sabon ɗaurarre ba zan ce na manta ba, don har jarrabawa na ci a kansa. Ba a karɓar mutum sai da takardar kotu mai hatimi. In mace ce, mace ke caje ta, a ɗaki rufe, ta cire komai. A duba jiki tun daga kai har tafin ƙafa, a rubuta tabo, a rubuta rauni, a rubuta in tana da ciki. In aka ga mummunan rauni, shugaban gidan yari ba ya karɓa, waɗanda suka kawo ta su fara kai ta asibiti tukuna. Dalili kuwa, da zarar an sa hannu an rufe ƙofa, mutum ya zama na gidan. Cinsa da shansa da lafiyarsa, da kai shi kotu ranar da alƙali ya ce, duk sun hau wuyan shugaban gida. Shi kuma ba ya shiga ɗakin cajin mata. Da idonmu yake gani.

Ranar wata Alhamis ce, bayan azahar. Hajiya, wadda ke shugabantar sashenmu, ta raka wasu mata biyu kotu ba ta dawo ba, ni kaɗai ce mace a bakin aiki. Aka aiko in zo ƙofa, an kawo sabuwa. Na iso na tarar da tsohuwa zaune a benci, hijabinta ruwan ƙasa har ƙasa, da ƙullin leda a cinyarta. Ta ɗago kai. Inna ce.

Inna maƙwabciyarmu ce a Rawayya, katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta yi wa mahaifiyata wankan jego lokacin da aka haife ni, duk unguwa Inna muke ce mata. Da mijinta ya rasu ta bi babban ɗanta wani ƙauye a ƙasar Tsafe, can take suyar ƙosai da dama fura. Takardar kotun ta ce ana zarginta da sayar wa mutanen daji, wato 'yan bindiga, abinci, a ajiye ta har zama na gaba. Ko ta yi ko ba ta yi ba, ban sani ba har yau, ba kuma aikina ba ne in sani.

Na ce ta taso. Ta tashi da kyar, tana ɗingishi. Muna shiga ɗakin caji na tura ƙofa, ta kama hannuna ta juya ni tana kallon kakin.

"Ke ce cikin kayan ga? Ashe gaskiya uwarki ta hwaɗi. To, Allah shi yi albarka. Mi za a yi nan?"

"Caji ne, Inna. Ka'ida ce."

"To, caje." Ta ɗaga hannuwa sama.

Na tsaya ina kallon ƙasa. Na ce, "Sai an cire kaya."

Ta sauke hannun a hankali. Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Ni da na wanke ki da hannun ga kina jinjira, kin ɓata min zane ba adadi, yau ni za ki tuɓe? Kai, duniya."

Ba ta ce ba za ta cire ba. Wannan ina so in faɗi gaskiyarsa, don na sha gaya wa kaina cewa ta ƙi. Ba ta ƙi ba. Har ta kai hannu wuyan hijabin, ni ce na ce ta bari. Tunda na tashi ban taɓa ganin ko gwiwar Inna ba. A gidanmu in babbar mace za ta gyara ɗaurin zane, kau da kai ake yi. Na shafa hannuna ta saman hijabi, kafaɗa da kwiɓi, na tsaya a ƙugu. Na buɗe ledar, carbi ne da goro biyu da wani tsohon ɗankwali. Akwai wani wari da ke tashi daga jikinta, na ce a raina kwanakin da ta yi a tsare ba wanka ne.

"Ƙafar fa, Inna? Na ga kina ɗingishi."

"Sanyi ne, ɗiyata. Tsuhwa."

Na ɗauki fom ɗin karɓa. Akwai layi da aka tanada don raunin jiki. Na rubuta babu rauni, na sa hannu, na sa kwanan wata.

Da la'asar malamin jinya na gidan ya zo. Namiji ne, dattijo, in dai mace ce a bakin ƙofar sashe yake tsayawa, ya dogara da abin da muka gani. Ya ce, "Kin duba ta?" Na ce na duba. Ya ce, "Akwai wani abu?" Na ce sai sanyin ƙafa irin na tsofaffi. Ya auna zafin jikinta, ya yi mata tambayoyi biyu uku, ya ba ta ƙwayoyin ciwon jiki, ya sa hannunsa a ƙarƙashin nawa.

Ranar Asabar da hantsi matan sun fito tsakar gida shan iska, Inna ba ta fito ba. Na leƙa ɗaki na same ta a kan tabarma ta jingina da bango, gumi yana tsattsafo mata. Ta yafito ni. Ta ce in samo mata ruwan zafi da gishiri. Na ce na mene ne. Ta dubi ƙofa, sannan ta janye zanen har gwiwa.

Tsumma ne ɗaure a ƙwaurinta na hagu, ya bushe ya manne da nama. Da ta ɗaga gefensa sai na ga rami, bakinsa ya yi baƙi, an cusa wani dakakken ganye a ciki, ruwa yana fita. Ƙafar ta kumbura tana ƙyalli har idon sawu. Na toshe bakina da hannu.

Ta ce sati biyu kafin a kama ta aka kawo hari ƙauyensu, suka watse cikin gonaki, ta faɗi a kan kututturen karan dawa da aka sare, ya shige ta. Ta ce ta ɓoye ne tun a wurin waɗanda suka kama ta.

"In sunka gani cewa za su yi harsashi ne. Su ce ga shaida nan, tare nike da mutanen. Don Allah ɗiyata, kada ki hwaɗi ma kowa. Ki rufa min asiri."

Na san abin da ya kamata in yi. Daga ɗakin nan zuwa teburin Hajiya bai kai taku talatin ba. Na kuma san likita yana iya bambanta ramin kara da ramin harsashi, ko ni da ban yi karatun lafiya ba na san wannan. Amma abin da ya zo mini a ido a lokacin ba ƙafar Inna ba ce, fom ɗin ne, da rubutuna a kai. In na je na faɗa, tambayar farko ita ce, ba ke kika duba ta ba? Watana huɗu, ko tabbatar da ni ba a yi ba. Na tuna yadda mahaifina ya tara 'yan uwa aka yi addu'a ranar da na samu aikin. Sai na riƙe roƙon Inna da hannu biyu, na ce ai ita ta ce kada in faɗa.

Na kawo ruwan zafin. Da na tashi aiki na biya wani kemis a Sabon Gari, na ce kakata ce ta ji ciwo a gona. Mai shagon ya tambaye ni girman ciwon, na rage masa. Ya ba ni aidin da bandeji da kafso. Washegari na cusa su cikin safata na wuce ƙofa. Shigo da magani ba da sanin malamin jinya ba laifi ne mai zaman kansa, nan ma na sani.

Lahadi, Litinin, Talata. Kullum in jira matan su fita, in shiga in wanke, in ɗaure, in tura tsohon bandejin cikin aljihun wandona. Inna tana cije ɗankwalinta, in na gama ta ce Allah shi yi min albarka. Ina gaya wa kaina ciwon yana sauƙi. Baƙin kuwa yana hawa. Ranar Litinin na ga ya wuce inda na bar shi da faɗin yatsa biyu, na ɗaure na rufe. A gida na kasa cin tuwo, matar yayana tana tsokanata wai ko wani ne ya fara zuwa zance ban gaya mata ba.

Ranar Talata Hajiya ta shigo zagaye, ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta yamutsa fuska.

"Wai ɓera ne ya mutu a ɗakin nan? Ku fitar da komai. Ba zan bari a zo duba gida a ce ina ajiye mutane cikin wari ba."

Aka fitar da tabarmi da katifu, aka zazzage ledoji. Inna aka ce ta zauna a kusurwa tunda ba ta jin daɗi. Wata matashiya cikin ɗaurarrun tana dariya tana cewa ɓeran ma ya gaji da jiran shari'a ne ya huta. Hajiya ta miƙo mini tsintsiya ta ce in duba bayan randa. Na karɓa. Na durƙusa na leƙa bayan randa, na leƙa ramin kwata, na taso na ce ban ga komai ba. Wannan durƙuson shi ne abin da ya fi dawo mini. Inna tana kallona daga kusurwa, ni kuma ina neman ɓera.

Laraba da safe, lokacin ƙidaya, kowa ya miƙe sai ita. Hajiya ta kira ta sau biyu. Jikinta yana karkarwa, tana magana ita kaɗai, tana kiran sunan mijinta da ya rasu. Sai wata mata mai shayarwa da ke kwana kusa da ita ta ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, ba ɓera ba ne. Ƙafar tsohuwa ce. Mun ji tsoron faɗa ne."

Hajiya ba ta tsaya wata-wata ba, ta durƙusa ta yaye zanen. Ta ga farin bandeji, ɗaurin tsaf. Ta warware, ta kalla, ta ce innalillahi a hankali. Sannan ta ɗaga bandejin sama.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Inna ta buɗe ido. "Ni na ɗaure abina."

"Ke kika saƙa shi a nan ciki ke nan, Inna?" Hajiya ba ita take kallo ba, ni take kallo.

Na ce, "Ni ce, Hajiya."

Hajiya ta miƙe. Ta tura a kira malamin jinya, aka fito da mota, mu huɗu muka ɗauki Inna a bargo. Hajiya ta shiga motar, ni ta ce in tsaya.

Da rana Oga, shugaban gidan, ya aiko a kira ni. Ban taɓa shiga ofishinsa ba sai ranar. Mutum ne mai furfura, saura masa kaɗan ya yi ritaya, ba a san shi da ɗaga murya ba. Fom ɗin yana kan teburinsa. Ya juyo shi ya fuskance ni.

"Karanta mini layin nan."

Na karanta.

"Hannun wa ne?"

"Nawa ne, Oga."

"To bari in gaya miki abin da takardar nan ta ce. Ta ce matar nan lafiyarta ƙalau ta shigo gidana. Ke nan a wurin doka, a hannuna aka ji mata ciwo, a hannuna ƙafar ta ruɓe. In ta mutu, sai an yi bincike, sai likita ya rubuta, sai na tsaya gaban alƙali na faɗi wanda ya huda ta a cikin gidan da nake riƙe da makullinsa. Wa kike ganin za a fara tambaya? Hajiya. Shekararta ashirin da wani abu a aikin nan." Ya cire tabarau. "Kin san ta ne?"

Na gaya masa ko wace ce Inna a wurina.

"Kunya kika ji."

"E, Oga."

"Ni ma da za a kawo ƙanwar uwata ba zan iya ba. Sai ki fito ki ce ba za ki iya ba, a ajiye ta a benci har Hajiya ta dawo. Awa ɗaya ce. Ba wanda zai rubuta miki komai don wannan. Da an gani ranar, ba zan karɓe ta ba, da a asibiti ta kwana." Ya mayar da tabarau. "Yaushe kika ga ciwon?"

"Asabar."

"Asabar." Ya ƙirga a yatsunsa, yana kallon yatsun, ba ni ba. "Ta Alhamis na gane. Ta Asabar fa, ita ma kunya ce?"

Na buɗe baki zan ce ita ta roƙe ni, sai na kasa. Hawaye kawai nake yi, hancina yana zuba, ba ni da ko hankici. Ya turo mini takarda da biro ya ce in rubuta duk abin da ya faru, kada in rage kada in ƙara, har da kemis, har da safa. Ina rubutawa yana nasa rubutun. Ya rubuta wa alƙalin da ya turo ta, ya rubuta wa na sama da shi, ya sa aka nemi ɗanta a Tsafe, don in ɗaurarre ya kwanta ciwo mai tsanani dole a sanar da danginsa. A cikin abin da ya rubuta har da cewa shi ya amince da fom ɗin, kuma a gidansa ne aka shigo da magani ba a gani ba. Malamin jinya ma ya sami tasa takardar tuhumar, saboda ya yarda da bakina. Tun ranar in mun haɗu yana amsa gaisuwata, amma ba ya ƙara komai.

A asibiti aka gano tana da ciwon suga, ita kanta ba ta sani ba. Likitan ya gaya wa Hajiya, ina tsaye a bayanta, cewa da ranar Alhamis aka kawo ta, wanki ne da allurai. Hajiya ta ce, "Asabar fa?" Ya ce ba zai rantse ba, amma da ya gwada. Ya kuma ce ramin kara ne, har da ɓarɓashinsa ya ciro. Ranar Juma'a aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan.

An ba ni takardar tuhuma, na amsa, ina jiran kwamiti ya zauna. Ko za a bar ni ko za a kore ni, ban sani ba. Amma ɗaurarriya in tana asibiti sai mace ta tsare ta, mu matan kuma ba mu da yawa, don haka sunana ya fito a jerin masu zaman rana. Na je wurin Hajiya na roƙe ta a canza ni. Ta ce, "Da wa?" Ta ci gaba da rubutunta.

Ɗan Inna ya iso da matarsa da kwanon fura. Ya durƙusa har ƙasa a gabana, babban mutum da ya girme ni nesa ba kusa ba, yana godiya. Inna ta gaya musu ni na yi ta jinyarta a ɓoye, ina kawo mata magani, ba don ni ba da ta mutu. Labarin ya riga ni isa Rawayya. Mahaifiyata ta kira ni tana sa mini albarka, ta ce ta san ba zan ba ta kunya ba, maƙwabta sai shigowa suke yi. Na ce amin. Inna ba ta iya karatu ba, ba ta san akwai wani layi a takarda ba, ba ta san cewa da na duba ta ranar da ba a ma karɓe ta ba. A wurinta ni yarinya ce mai ladabi da ta ƙi tuɓe uwarta.

Jiya ina zaune a kujerar roba a gefen gadonta, bayan azahar, ɗakin ya yi tsit, matar ɗanta ta fita wanke kwanuka. Na ɗauka barci take yi. Sai ta motsa, ta yamutsa fuska.

"Ɗiyata."

"Na'am, Inna."

"Tahin ƙahwar ga ke min ƙaiƙayi tun ɗazu. Sosa min, don Allah."

Na taso na kai hannu ƙafar dama. Ta ce a'a, ba ita ba, ɗayar. Na dubi zanen gadon inda ya kwanta shafal daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta ce, "Nan wajen babban yatsa. Yi sauri, ya dame ni."

Na ɗora hannuna a kan katifar, daidai inda nake jin yatsan zai kai, na fara sosawa. Ta lumshe ido ta ce in ƙara ƙasa kaɗan.